Darasi: Wasan Gefe, Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Kalmar

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana mene ne sakos, mene ne kuma wasan gefe;
2. faɗin yadda ake tafiyar da tantin wasan gefe, tun daga kiran jama'a har zuwa karɓar kuɗi;
3. kawo dalilan da suka sa wannan sana'a ta ja baya;
4. gane kalmar idan ta fito a labarai ko a wurin taro, inda babu tanti babu wasa;
5. saka ta a cikin jimlar da ya ƙirƙira da kansa.

1. Mene ne sakos?

Sakos taron wasannin ban mamaki ne da ake biyan kuɗi a shiga kallo. A cikinsa akwai masu sukuwa a tsaye bisa gadon bayan doki, da masu alkafura, da masu tafiya a kan igiya, da 'yan barkwanci masu fenti a fuska. A da har da giwaye da zakuna da aka horar.

Wanda ake dangana wa kafa sakos na zamani wani tsohon sojan doki ne na Ingila mai suna Philip Astley. A shekarar 1768 ya fara nuna gwanintar hawan doki a Landan, a cikin fili mai da'ira. Ya lura cewa idan doki yana zagaye da gudu, mahayi ya fi samun sauƙin tsayuwa a kansa, 'yan kallo kuma kowa yana gani daga inda yake zaune. Daga baya ya ƙara da 'yan alkafura da 'yan barkwanci don su cike gurbi tsakanin wasan doki da wasan doki. Har yau faɗin da'irar da aka saba da shi ƙafa 42 ne, wato kimanin mita 13.

Da sana'ar ta ƙetara Amurka sai ta zama ta yawo. A shekarar 1825 aka fara yin wasan a ƙarƙashin tanti, wanda za a iya naɗewa a ɗora a keken doki a nufi gari na gaba. Daga 1872 kuma babban sakos na P. T. Barnum ya koma tafiya a jirgin ƙasa. A kwana a gari ɗaya, a wayi gari a wani.

> AKWATIN KALMOMI (1)
> Sakos: taron wasannin gwaninta da ban dariya da ake yi a cikin da'ira, galibi a ƙarƙashin babban tanti.
> Babban tanti: inda ake yin ainihin wasan da jama'a suka zo dominsa.
> Titin kallo: hanyar da ta taso daga ƙofar fili zuwa bakin babban tanti, mai rumfuna dama da hagu.

2. Mene ne wasan gefe?

Jama'a ba sa jiran lokacin wasa ya yi kafin su zo. Tun da hantsi fili ya cika, ga kuɗi a aljihu, ga babban tanti a rufe. Masu sakos suka ga bai kamata a bar wannan taro yana zaman jira haka kawai ba. Sai suka kafa ƙananan tantuna a bakin hanyar shiga, kowanne da abin kallonsa da kuɗin shigarsa.

Wannan ƙaramin wasa shi ne ake kira *sideshow* da Turanci, ana furta shi kamar "saidsho". Kalmomi biyu aka haɗa: ta farko tana nufin gefe, ta biyu tana nufin wasa ko nuni. Ta shiga bakin mutane a tsakiyar ƙarni na 19. A wannan darasi za mu riƙa cewa wasan gefe.

Alamomi uku ne ke sa a kira abu wasan gefe:

- akwai babban wasa a kusa, shi ne ya tara mutanen;
- ƙaramin wasan yana da wurinsa dabam;
- ana biyan kuɗinsa dabam, tikitin babban tanti ba ya shigar da mutum.

Wani tantin abu ɗaya tak yake nunawa, kamar ƙaton maciji ko ɗan maraƙi mai kai biyu. Wanda ya fi shahara shi ne mai abubuwa goma a tanti ɗaya da tikiti ɗaya. A ciki akwai dandamali-dandamali a jere, mai gabatarwa yana gaba jama'a suna biye, ana gama wannan a matsa zuwa wancan. Idan aka kai na goma sai a koma na farko, don haka duk lokacin da mutum ya shiga zai tarar ana cikin wasa.

> AKWATIN KALMOMI (2)
> Wasan gefe: ƙaramin abin kallo da ake nunawa a gefen babban wasa, da kuɗin shiga na dabam.
> Goma-a-ɗaya: tantin da ake nuna wasanni kusan goma da tikiti ɗaya.

Misali na 1. Ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, abin da ya fito da jama'a shi ne hawan sarki. Amma a bakin hanya za ka ga gardi da macijinsa ko kurarsa, yara da manya sun kewaye shi. Mu gwada shi da alamomi ukun nan. Akwai babban abin da ya tara mutane? Akwai. Gardin yana da wurinsa dabam? Yana da shi. Ana biyan kuɗi dabam? Babu tikiti, sai dai wanda ya ga dama ya jefa masa wani abu ko ya sayi laya. Ke nan ya cika biyu sosai, ta ukun kuma ya kusa. Bambancin shi ne gardi a fili yake wasa, mai wasan gefe kuwa ya ɓoye nasa a tanti, ɓoyewar ce ma jarinsa.

3. Yadda ake jan mutum ya shiga

Tunda ba a ganin abin da ke ciki, dole a sayar da shi tun daga waje. A gaban tantin ana rataya manyan kyallaye masu zane da launi mai ɗaukar ido. A zanen, dogon mutum ya kere gida, maciji ya kai kaurin itacen kuka. A gaban kyallayen akwai dandamali, a kansa mai kira yake tsayawa.

Aikin mai kira mataki-mataki ne. Da farko yana tara taro: a buga ganga, a fito da wata mata da maciji a wuya, ko mai cin wuta ya hura harshen wuta sau ɗaya. Wannan kyauta ne. Idan mutane sun taru sai ya sassauta murya, ya ce na baya su matso, don ya san wanda aka matse a tsakiyar taro ba ya saurin tafiya. Daga nan ya shiga lissafa abubuwan da ke ciki, kowanne da kirarinsa. Can sai 'yan wasan su juya su shige tanti, shi kuma ya sanar cewa na 'yan mintuna kaɗan kowa zai shiga a kuɗin yara. Mutum biyu ko uku su ruga wurin mai tikiti, wani lokaci ma yaran gidan ne aka sa su, saura kuma su bi yarima a sha kiɗa.

A ciki akwai sauran dabara ɗaya. Bayan wasa na ƙarshe mai gabatarwa zai nuna wani labule, ya ce abin da ke bayansa ba na masu raunin zuciya ba ne, mai son gani sai ya ƙara wani abu. Kuɗin bayan labule riba ce tsantsa.

> AKWATIN KALMOMI (3)
> Mai kira: wanda yake tsayawa a ƙofar tanti yana tallata abin da ke ciki.
> Ɗanɗano: guntun wasan da ake yi kyauta a waje don tara jama'a.
> Bayan labule: ƙarin abin kallo da ake biya wa kuɗi na biyu a cikin tantin.

Misali na 2. Mu ƙaddara tikiti senti 10 ne, bayan labule kuma senti 5. Senti 100 shi ne dala 1. A zagaye ɗaya mutum 300 suka shiga, 100 daga cikinsu suka leƙa bayan labule.

- Kuɗin ƙofa: 300 × 10 = senti 3,000, wato dala 30.
- Kuɗin labule: 100 × 5 = senti 500, wato dala 5.
- Jimla: dala 35 a zagaye ɗaya.
- Idan aka yi zagaye 8 a wuni: 35 × 8 = dala 280.

Babban tanti sau biyu ya saba wasa a rana, da la'asar da kuma dare. Wasan gefe kuwa ba ya tsayawa muddin akwai mutane a fili. Shi ya sa masu sakos ba su taɓa raina shi ba, ko da yake sunansa na gefe.

4. Su wa ake nunawa?

'Yan sana'ar sun kasa kansu gida uku.

Kashi na farko masu gwaninta ne: mai haɗiye takobi, mai cin wuta, mai jifa da wuƙa, mai kwanciya a kan ƙusoshi. Haɗiye takobi ba rufa ido ba ne. Mai yi yakan ɗauki dogon lokaci yana horar da maƙogwaronsa ya daina yunƙurin amai, sa'an nan ya ɗaga kai har baki da maƙoshi su miƙe su zama hanya ɗaya. Kuskure kaɗan yana huda maƙoshi, kuma an yi asarar rayuka a haka. Ba abin gwadawa ba ne.

Kashi na biyu waɗanda suka sauya kamanninsu da gangan, kamar mai zane a jiki tun daga wuya har idon sawu.

Kashi na uku waɗanda aka haifa da wata halitta dabam: wada, ko dogo na fitar hankali, ko mace mai gemu, ko tagwaye manne da juna. Chang da Eng, waɗanda aka haifa a manne a ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, a 1811, an kai su Amurka a 1829. Daga baya suka karɓe ragamar harkarsu, suka tara dukiya, suka yi aure, suka rasu a 1874. Charles Stratton, wada ne da Barnum ya ɗauka a 1842 yana ɗan shekara huɗu, ya raɗa masa suna Janar Tom Thumb, ya ce wa jama'a shekararsa 11 kuma daga Ingila ya zo. A 1844 har gaban Sarauniya Victoria ya yi wasa.

Ƙarya tana cikin jarin sana'ar. A 1842 Barnum ya nuna abin da ya kira 'yar ruwa daga tsibiran Fiji, alhali gangar jikin biri ce aka ɗinke da wutsiyar kifi. Wata ƙaryar kuma ta wuce wasa. William Henry Johnson baƙar fata ne haifaffen jihar New Jersey, amma tun daga 1860 aka sa masa rigar gashi, aka ce wai wata halitta ce da aka kamo a dajin Afirka. Irin wannan nuni ya daɗe yana cusa wa 'yan kallo raina baƙar fata.

Labarin George da Willie Muse ya nuna inda abin ya fi muni. 'Yan'uwa ne zabiya, 'ya'yan baƙaƙen fata matalauta daga jihar Virginia. Tun suna yara suka faɗa hannun masu wasa. Aka bar gashinsu ya yi tsawo ya cukurkuɗe, aka sa musu suna Eko da Iko, wani lokaci a ce daga wata ƙasa mai nisa aka samo su, wani lokaci a ce jakadu ne daga duniyar Mars. Shekara da shekaru ana karɓar kuɗi da su, su ba sa ganin ko sisi, an kuma gaya musu mahaifiyarsu ta mutu. A 1927 sakos ɗin ya yada zango a garin Roanoke. Mahaifiyar tasu, Harriett, ta shiga tantin ta tsaya a gaban dandamali, suka gane ta suna tsakiyar wasa. Ta kai ƙara, aka biya su diyya. Da suka koma aiki, da albashi suka koma.

5. Me ya sa sana'ar ta ja baya?

Dalilai huɗu suka taru. Na ɗaya, ilimin likita ya bayyana cewa abin da ake kira abin al'ajabi lalura ce mai suna da sanadi, sai kallon ya koma abin kunya. Na biyu, silima da talabijin sun kawo wa mutane abin mamaki har gida. Na uku, wasu jihohin Amurka sun kafa dokar hana nuna masu naƙasa don kuɗi. Na huɗu, shi kansa babban tantin ya yi rauni: a 1956 kamfanin Ringling da Barnum da Bailey, mafi girma a ƙasar, ya naɗe tantinsa ya koma wasa a manyan zaurukan birane, inda babu titin kallo balle rumfunan gefe.

Maganar ba ta zo da sauƙi ba, domin wasu 'yan wasan da kansu sun yi adawa da dokokin. Hujjarsu ita ce babu mai ɗaukarsu wani aiki, a nan suke ci, a nan suke aure. A 1972 kotun ƙoli ta jihar Florida ta soke irin wannan doka bayan ƙarar da 'yan sana'ar suka shigar. Yau akwai sauran wasan gefe a wurare kaɗan, kamar Coney Island a birnin New York, kuma yawancin masu yi 'yan gwaninta ne da suka zaɓi sana'ar da kansu.

6. Ma'ana ta biyu: ƙaramin batu a gefen babba

Tantunan sun ragu, amma kalmar tana nan da ranta a jaridu da rediyo. Idan ɗan jarida ko ɗan siyasa ya kira wani abu wasan gefe, ɗaya daga cikin biyu yake nufi: ko abin bai kai wani muhimmanci ba, ko kuma yana ɗauke hankalin mutane daga inda ya kamata su duba. Da Hausa a irin wannan wuri mukan ce ba a nan gizo ke saƙa ba, ko mu ce ana ga yaƙi kana ga ƙura.

A nahawu kalmar suna ce, ana ƙirga ta, kuma jam'inta a Turanci da ƙarin harafin *s* ne a ƙarshe. Ba kalmar yabo ba ce. Wanda aka ce aikinsa wasan gefe ne, an rage masa daraja.

> AKWATIN KALMOMI (4)
> Ma'ana ta zahiri: abin da kalma take nufi tun asali, a nan ƙaramin tanti a gefen babba.
> Ma'ana ta aro: abin da kalma ta koma nufi da aka ɗauke ta zuwa wani fage, a nan ƙaramin batu ko abin ɗauke hankali.

Misali na 3. Ƙungiyar manoma ta kira taro don a san yadda za a raba taki kafin damina ta sauka. Ana buɗe taro sai mutum biyu suka kaure da gardama a kan wanda ya kamata ya zauna kusa da shugaba. Ma'aji ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan duk wasan gefe ne. Buhu 40 ke ajiye, mu 65 ne, ga hadari ya fara haɗuwa. A dawo kan rabo." Babban batu shi ne rabon taki. Wasan gefe shi ne rigimar kujera. Ma'aji ya yi amfani da kalmar daidai.

Misali na 4. Wata mata ta je makarantar 'yarta ta ce: "Malam, yarinyar nan ba ta ganin allo, shi ya sa take faɗuwa jarrabawa." Malamin ya ce wannan wasan gefe ne, abin da ke gabansa shi ne kammala manhaja. A nan an yi amfani da kalmar ba bisa ƙa'ida ba, domin matsalar idon ita ce tushen faɗuwar.

7. Gefen me? Wa ya faɗa?

Misali na 4 ya kai mu ga abin da ya fi muhimmanci a darasin nan. Duk wanda ya ce abu na gefe ne, ya riga ya yanke hukunci a kan inda tsakiya take. Mai sauraro yana da haƙƙin ya bincika hukuncin.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, manyan hafsoshin Birtaniya da yawa sun ɗauka cewa a filayen Faransa da Beljiyam kaɗai za a yi ta ta ƙare. Sauran fagagen daga, na Gabas ta Tsakiya da na Afirka, da wannan kalma suke kiransu. Yaƙin Kamaru, wadda a lokacin take hannun Jamus, yana cikin irinsu. A watan Agusta na 1914 sojojin Najeriya, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, suka tashi daga Yola suka auka wa Garwa, aka koro su da asara mai yawa. Garwa ba ta faɗi ba sai a watan Yuni na 1915. Wata rundunar ta tashi daga Maiduguri ta kewaye dutsen Mora, dakarun Jamus da ke kansa ba su miƙa wuya ba sai a watan Fabrairu na 1916. Bayan yaƙin aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Birtaniya, kuma a 1961 yankin arewa na kason Birtaniya, inda Mubi da Gwoza suke, ya zaɓi zama cikin Najeriya. A taswirar hafsan da ke Landan wannan ƙaramin fage ne. Ga sojan da ya hau dutsen Mora, da ɗan dakon da ya ɗauki kayansa, da garuruwan da iyakarsu ta sauya, shi ne yaƙin gaba ɗaya.

Wani ɗan jaridar Birtaniya, William Shawcross, ya sa wa littafinsa na 1979 wannan kalma a matsayin suna. Littafin yana magana ne a kan ruwan bama-baman da Amurka ta yi wa Kambodiya daga 1969 zuwa 1973, lokacin da hankalin duniya yake kan yaƙin Biyetnam. Da gangan ya zaɓi sunan, don ya nuna yadda aka ɗauki rayukan al'umma guda a matsayin ƙaramin al'amari.

Saboda haka idan ka ji kalmar, yi wa kanka tambaya uku: Mene ne mai maganar ya ɗauka babban batu? Wa zai amfana idan aka kawar da kai daga ƙaramin? Su wa abin ya shafa kai tsaye, kuma an ji ta bakinsu?

Taƙaitawa

- Wasan gefe ƙaramin abin kallo ne a gefen sakos, da wurinsa da kuɗinsa dabam.
- Mai kira, da ɗanɗano, da bayan labule su ne hanyoyin samun kuɗinsa.
- Wasu 'yan wasan sun yi arziki, wasu an ci da guminsu an wulaƙanta su.
- A ma'ana ta aro, kalmar tana nufin ƙaramin batu ko abin ɗauke hankali.
- Kiran abu wasan gefe hukunci ne, ana iya yin daidai ana iya yin kuskure.

Tambayoyin bita

A. Amsa a taƙaice.
1. Wane ne Philip Astley, kuma me ya fara a 1768?
2. Kawo alamomi uku na wasan gefe.
3. Me ake nufi da goma-a-ɗaya?
4. Bayyana matakan da mai kira yake bi har mutane su sayi tikiti.
5. Kawo dalilai uku da suka sa sana'ar ta ja baya.

B. Gaskiya ko ƙarya?
6. Tikitin babban tanti yana shigar da mutum wasan gefe.
7. William Henry Johnson a Afirka aka haife shi.
8. Wasu 'yan wasan sun yi adawa da dokar da ta hana nuna su.

C. Lissafi.
9. Mutum 250 sun biya senti 10 kowanne, 80 daga cikinsu sun ƙara senti 5. Dala nawa aka tara? Idan aka yi zagaye 6 fa?

D. Tunani da tattaunawa.
10. A waɗannan jimloli, wacce ce ma'ana ta zahiri, wacce ce ta aro? (a) "Yara sun tsaya kallon mai cin wuta a wasan gefe." (b) "Cacar bakin 'yan majalisa wasan gefe ne, tsadar abinci ce damuwarmu."
11. Rubuta jimla biyu naka, ɗaya da kowace ma'ana.
12. Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya kawo wani batu a unguwarsu da aka ɗauka ƙarami alhali babba ne, ya gwada shi da tambayoyi ukun da ke sashe na 7, sa'an nan ya gabatar wa aji.